Injin motar da na gada ya buga: in gyara, in sauya, ko in sayar?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Motata Peugeot 406 ce, ta marigayi mahaifinmu, ita ta faɗo a rabona da aka raba gado. Da ita nake kai yara makaranta, da ita nake kai Hajiyarmu ganin likita duk wata. Kwanan baya muna dawowa daga biki a Zariya, bayan mun wuce Jaji sai na ga allurar zafi ta hau ja. Magariba ta kawo jiki, ga mace ga yara, ban ga inda zan tsaya hankalina ya kwanta ba, sai na ci gaba da lallaɓawa. Muna isowa Rigachikun ta mutu. Washegari aka jawo ta gareji. Yanzu tana tashi, amma da farin hayaƙi da wata ƙara kwas-kwas daga ƙasan inji, baƙin man kuma ya koma kamar shayi mai madara. Bakanikena, wanda shi ke duba motar tun Baba yana raye, ya ce inji ya buga. Shi ne bara ya cire mata tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, don ta fara ɗaukar zafi.

Ya ce idan za a sauke injin a gyara, in tanadi Naira 450,000. Idan na Beljiyam zan saya, Naira 850,000 ne, ban da kuɗin aiki. Wani abokina ya ce in sa mata injin Toyota in huta. Wani dillali ya taya ta Naira miliyan 1.1 a yadda take, ya kuma ce idan na yarda a zuba mata mai mai kauri ƙarar ta lafa, zai samo mini fiye da haka. Irinta mai lafiya ana sayarwa wajen miliyan 2.5. Abin da nake da shi a ajiye Naira 600,000 ne. Uwargida ta ce in sayar, motar ta zama rijiya, ga kuɗin makarantar yara na tafe. Hajiya ba ta ce komai ba, amma da ta ji zancen sayarwa sai da ta share hawaye. Yayana ya ce zai ranta mini. Ni kuma kullum zargin kaina nake yi, da na tsaya da ba a kai ga haka ba. Me ya kamata in yi?

Daga wani magidanci, Kaduna.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana.

Bari mu fara da zargin kan da kake yi, don mai wannan nauyin a zuciya ba ya iya lissafi da kyau. Ba zan ɓoye maka ba, tafiyar da ka yi allura na kan ja ita ce ta mai da ƙaramar matsala babba. Amma duk wanda ya san hanyoyinmu ya san abin da ke ran magidanci idan rana ta faɗi yana kan titi da iyali. Ka zaɓi mutane a kan ƙarfe, kuma kowa ya kwana a gida lafiya. Ƙarfe ana saye. Ka bar wannan maganar a nan.

Yanzu ga abin da alamun da ka lissafa suke nunawa. Kan injin 406, wanda kanikawa ke kira tof, na alminiyam ne. Idan zafi ya wuce kima sai ya lanƙwashe, wani lokaci har ya tsage, gasket ɗin da ke tsakaninsa da bulok ya ƙone. Da zarar gasket ya ƙone, ruwan lagireto ya sami hanyar shiga inda ba nasa ba: ya shiga silinda ya fito ta salansa, shi ne farin hayaƙin, ya gangara cikin baƙin mai, shi ne launin da ka gani. Man da ya gauraya da ruwa kuma ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe. Metal ɗin da karanshaf, wato babbar sandar ƙarfen da ke ƙasan inji, ke juyawa a kansu sai su cinye, a sami gibi, duk juyawa ɗaya ka ji bugu. Wato dai da alama ciwon ya taɓa sama ya taɓa ƙasa. Saboda haka abu na farko, kada a ƙara tayar da motar nan. Na san yadda ake yi a gareji, duk wanda ya zo sai an ce "tayar ya ji". Kowace tayarwa tana ƙara goge karanshaf, kuma idan hannun fistin ya tsinke ya fasa bulok, zancen gyara ya ƙare gaba ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne ba ka ce an buɗe injin ba. Idan kuwa ba a buɗe ba, Naira 450,000 ɗin nan kintace ne. Ba ina cewa bakaniken ya yi maka ƙarya ba ne, shi ma bai gani ba tukuna. Kai kuma kana neman yanke hukunci a kan dukiya ta miliyoyi da kintace. Kafin ka zaɓi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ka kashe ɗan kuɗi kaɗan ka sayi sani. Ku yi ciniki da shi a kan kuɗin buɗewa kawai, daban da kuɗin gyara, ka faɗa masa ƙarara cewa biyan wannan bai zama alkawarin a nan za a yi aikin ba. A kwance farantin ƙasa inda mai ke taruwa, ka tsaya da kanka. Ka sa yatsa a gindin man: idan ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, metal ne suka narke. A ciro su a nuna maka, a nuna maka wuyan karanshaf, ka ja farce a kai. Idan sumul yake, da sauran magana. Idan farce na maƙalewa a zane, ko wurin ya yi shuɗi-shuɗi na ƙuna, sai an kai wa masu tana, wato masu injin yankan ƙarfe, sun auna. Tof ɗin ma a kai musu su ɗora masa ma'auni su ga ko ya lanƙwashe, su kuma gwada shi da matsin ruwa ko iska don gano tsagewar da ido ba ya gani. Tambayar da mutane ke mantawa ita ce ko an taɓa yanka wannan karanshaf ɗin a baya. Za ka ji kanikawa na cewa standa, ko 010, ko 020, gwargwadon yadda aka rage shi. Wanda yake standa yana da sauran rai. Wanda aka yanka sau biyu, ni ba zan zuba masa kuɗi ba. Motar ta daɗe a gidanku, bakaniken nan zai tuna ko an taɓa sauke injin zamanin Baba.

Idan Allah Ya sa aka tarar karanshaf lafiya lau, bulok bai lanƙwashe ba, tof bai tsage ba, to gyara shi ne daidai, kuma kuɗin hannunka zai isa. A share tof, a sa sabon gasket, sababbin metal da ringi. Injin da ka san tarihinsa ya fi wanda ba ka sani ba. Sai dai gyara yana tsayawa ne a kan ƙafa biyu, hannun mai aiki da ingancin kaya, kuma a kasuwarmu na biyun ne ke ba da wahala. Gasket na jabu da na ainihi kwali ɗaya suke shigowa. Akwai kuma ɗaurin kusoshin tof, wanda ke da tsari da ma'aunin ƙarfi da kamfani ya ƙayyade. Ka tambaya ko yana da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Idan ya yi dariya ya ce hannunsa ya saba, ka san inda ka tsaya.

Amma in faɗa maka gaskiyar abin da nake zato: da wuya a tarar da haka. Zafi har mota ta mutu, ruwa a mai, ga bugu daga ƙasa, galibi idan aka buɗe sai lissafi ya fara hawa. Yau a ce fistin biyu, gobe a ce famfon mai, jibi a ce tof ɗin ba zai yi ba sai an sayo wani. Kana cikin aiki ba ka iya ja da baya, don an riga an wargaza inji a ƙasa. Ka ga 450,000 ta kama hanyar 700,000, kuma abin da za ka samu a ƙarshe inji ne da aka yi wa faci ta ko'ina. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce, idan kuɗin gyara ya haura kashi biyu cikin uku na kuɗin wani injin, a daina zancen gyara. Idan aka tarar da ɓarna sama da ƙasa, shawarata ka sayi cikakken inji irin nata. Kada a lallashe ka da rabin inji don ya fi araha, domin rabin inji ƙasa ne kawai, za a ɗora masa tof ɗinka, shi kuwa tof ɗin naka shi ne wanda ya sha wuta.

To amma kalmar Beljiyam ɗin nan tana buƙatar a tsaya a kanta, don tana sa mutum ya ji kamar sabon abu zai saya. Peugeot ta fito da 406 a 1995, ta daina ƙera ta a Faransa a 2004, ko da yake kamfanin PAN da ke Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da haɗa ta a nan Kaduna na wasu shekaru bayan haka. Ma'ana duk injin da aka ciro daga 406 a Turai ya haura shekara 20 a duniya. Tsoho za ka saya, fatan dai tsohon da aka kula da shi ne. Ga kuma tsada: tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,000, duk abin da ke shigowa ta ruwa ya bi ta. Wannan tsadar ce ta sa wasu ke ɗaukar injin da ya gama aiki a nan gida, su wanke shi da fetur da omo, su jera shi cikin na waje. 'Yan kasuwa na gari suna nan da yawa, a Panteka da Oriapata, da Ƙofar Ruwa a Kano, har Ladipo ta Legas inda yawancin kayan ke sauka. Amma ba a goshi ake rubuta na gari ba, sai ka duba.

Kada ka aika, ka je da ƙafarka tare da bakanike, kuɗin kuma ka biya mai kaya hannu da hannu. Injin da ya yi tsaf yana ƙyalli shi ya fi ba ni tsoro. Wanda ya fito daga kwantena yakan zo da ƙurarsa da busasshen maiƙonsa, da guntayen wayoyi da robobin ruwa da aka datse da almakashi a can. Ka duba kawunan kusoshi, idan sifana ta cinye gefensu an taɓa buɗe shi. Ka duba bakin farantin ƙasa da murfin sama, idan ka ga gam ja ko baƙi ya tsattsafo, hannun gida ya shiga. Ka buɗe murfin zuba mai ka haska da fitilar waya: ƙarfe mai ruwan zuma alama ce ta an riƙa canza mai a kan kari, baƙin dasƙararren datti kuwa alamar sakaci ne. A kwance filogi huɗun a jera su, ya kamata launinsu ya zo ɗaya. Wanda ya jiƙe da mai, ko ya fi sauran fari tas, yana ba da labarin silindarsa. A mayar da filogin, a sa sifana a fulin karanshaf a juya shi zagaye biyu cikakku, ya tafi ba tare da cijewa ba, kana jin yana turjewa yana saki. Idan mai kaya ya yarda a kwance farantin ƙasa a gabanka, alama ce mai kyau. Idan ya ƙi, shago na gaba.

Ka kuma tabbatar irin naka ne sak. A cikin 406 akwai masu tsohon inji na jerin XU, akwai masu EW da suka zo bayan an sabunta motar a 1999, akwai mai silinda shida. Ko a cikin EW10 ɗin ma akwai EW10J4, akwai EW10A da ya zo daga baya a motoci irin su 407, kuma na'urorinsu da wayoyinsu ba ɗaya ba ne. Lambar tana jikin bulok, a karanta ta naka a rubuta a takarda kafin ku fita. Idan iri ɗaya ne, birenbos ɗinka, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da wayoyinka za su zauna yadda suke, ba a taɓa su ba.

Sai garanti, wanda a nan ne ake yawan kuka. Garantin baki ba garanti ba ne. A rubuta a rasit: lambar injin, kwana nawa aka ba ka, da cewa kwanakin za su fara ne daga ranar da aka tayar da shi a mota, ba ranar da ka biya ba, don ɗaurawa kaɗai na iya cinye kwanakin. A rubuta ko canji za a yi maka ko kuɗi za a mayar idan ya yi hayaƙi ko ya sha mai. Ka kuma yi magana da bakanike tun yanzu a kan kuɗin saukewa da sake ɗaurawa idan hakan ta faru. Wannan ba rashin yarda ba ne, sharaɗi ne a ciniki, kuma addini ya san da shi. Rasit ɗin zai ƙara yi maka amfani a wani wurin: takardun mota na ɗauke da lambar inji, sai ka je ofishin lasin a gyara, kada wata rana a tsayar da kai a hanya lamba ta saɓa.

Zancen injin Toyota kuwa, ka gode wa abokinka ka bar shi. Za a yanka mazaunin inji a yi walda, a nemo giyar da za ta dace, a yi wa wayoyi ɗinki. A 406 ta baya-bayan nan makulli da birenbos da akwatin wutar da ake kira BSI duk suna gane juna, idan aka raba su sai allurai su daina aiki, ciki har da allurar zafin da ta gargaɗe ka a Jaji. Ranar da za ka sayar kuma, mai son Peugeot ba zai so ta ba, mai son Toyota ma haka. A garin da ya fi ko'ina a ƙasar nan sanin Peugeot, ban ga dalilin wannan wahalar ba.

Duk wanda ka zaɓa, gyara ko sauyi, akwai tambayar da idan ba a amsa ta ba kuɗinka ya tafi a banza: me ya sa motar ta yi zafi tun farko? Ka ce tun bara ta fara, aka cire tamostat aka haɗa fanka kai tsaye. Wannan ba magani ba ne, rufe bakin ciwo ne. An ƙera injin ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, tamostat ne ke riƙe shi a nan. Idan babu shi inji kan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ba abin wasa ba ne, ainihin matsalar kuma tana nan tana jiran ranar doguwar tafiya. Mai yiwuwa lagireto ne ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko ƙurar hunturu ta cike ramukansa ta waje. Mai yiwuwa famfon ruwa ne ya gaji, ko murfin ya daina riƙe matsi, ko wata roba ce ke ɗiga a hankali. Idan aka ɗaura sabon inji a kan tsohon lagireton da ya kashe na farko, zafin watan Afrilu zai maimaita maka karatun. Saboda haka ka sa waɗannan a lissafi tun yanzu: lagireto, tamostat, robobin ruwa, gyaran fanka ta koma tashi da kanta, da ruwan sanyaya inji na gaske maimakon na famfo. Ka sa da sabon taimin bel da famfon ruwa, don a wannan injin bel ɗin ne ke juya famfon, kuma ba ka san shekarun wanda ya zo a jikin na Beljiyam ba. Idan ya tsinke, fistin zai daki bawul, ka koma gidan jiya. Idan motar mai kuloci ce, a duba faifan tun inji na ƙasa, kuɗin aiki ɗaya ne. Ka ga ke nan 850,000 ba ita ce magana ba, ka ƙaddara miliyan ɗaya da ɗoriya.

Wannan ya kawo mu kan bakaniken. Na fahimci nauyin da kake ji, mutum ne da ya yi hulɗa da mahaifinka, wataƙila ma Baba kake ce masa. Ba sai ka tuhume shi ba, cire tamostat al'ada ce da ta game garejin ƙasar nan, ba mugunta ba ce. Kuma neman ra'ayi na biyu ba cin fuska ba ne. Ka ce masa, "Baba, kuɗin da yawa, kuma rance zan ci, ina so mu kira wani ya tayamu gani." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Idan ya fusata, ko ya dage sai shi kaɗai zai je sayen inji, to ka girmama shi ka gaishe shi, ka kai aikin wani wuri.

Uwargida tana da gaskiya fiye da yadda kake zato. Ita ce ke ganin abin da gyaran mota ke ragewa daga kuɗin cefane, kuma da ta ce rijiya, ba wannan gyaran kaɗai take nufi ba, har da waɗanda suka wuce. Kada ka amsa mata da "motar Baba ce", don wannan ba amsar lissafi ba ce. Ku zauna da takarda da biro. Idan ka sayar a miliyan 1.1 ka haɗa da 600,000, kana da miliyan 1.7, ka kuma share ajiyarka tas. Da bakinka ka ce irin motarka mai lafiya miliyan 2.5 ce. Wato za ka sayi wadda ba ta kai taka ba, wadda ba ka san abin da mai ita ya gani ya rabu da ita ba. Idan kuwa ka kashe miliyan ɗaya da 'yan kai, motar miliyan 1.1 ta koma ta miliyan 2.5, ko da washegari ka ga dama ka sayar ba ka faɗi ba. Amma wannan lissafin yana tsayawa ne kawai idan sauran motar na da lafiya. A ɗaga ta a duba ƙasa: tsatsa a shasi, giya, ƙafafu, musamman na baya da ke da hannuwa da yawa, sitiyari, wuta. Idan giya na kuka, ƙasa ta ruɓe, rewaya ya zama abokin hirarka, to uwargida ta yi nasara, ka sayar. Abu ɗaya da za ka yi mata alkawari, ka kuma cika: kuɗin makarantar yara ba ya shiga gareji. A ware shi tukuna, abin da ya saura shi ne na mota.

Hajiya kuma, hawayenta ba na ƙarfe ba ne, ka sani. Amma kada ka yanke mata hukunci a zuci ba ka tambaye ta ba. Ka same ta ita kaɗai, ka faɗa mata adadin kuɗin da abin da ke hannunka, ka nemi addu'arta. Iyaye mata sukan ba mutum mamaki. Mai yiwuwa abin da ya sa ta kuka shi ne jin zancen a bakin wasu, kamar an gama shawara ba da ita ba. Da wuya uwa ta so ɗanta ya shiga bashin da zai hana shi barci saboda mota. Idan ta kama dole a sayar, ka cire wani abu daga kuɗin ka yi wa marigayin sadaka da saninta. Kafin nan kuma ka tsara yadda za a riƙa kai ta asibiti, ko motar yayanka ko shatar mota ranar ganin likita, don kada ta ji lalacewar motar a jikinta.

Rancen yayanka ka karɓa, idan ka tabbata ba zai takura shi ba, amma gibin kawai, ba duka ba. Ku rubuta: nawa ne, nawa za ka riƙa biya duk wata, yaushe za a gama. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin 'yan'uwa ne rashin rubutun ya fi ɓarna, don kowa na jin kunyar tambaya har abin ya zama gaba. Ka ƙayyade biyan da albashinka zai ɗauka ba tare da tukunya ta ji ba. Bashin manhajojin waya masu ruwa kuwa, ko kusa kada ka je. Idan kuɗin bai haɗu ba, babu laifi mota ta yi wata biyu ko uku a ajiye kana tarawa. Sai dai a jawo ta gida, kada ta kwana a gareji tsawon wannan lokaci, don motar da ta daɗe a gareji takan zama wurin aron kaya. A zubar da gurɓataccen man nan kada ya ci cikin injin da tsatsa, a cire kan batir, a rufe ta.

Shawarar dillali ta mai mai kauri, ka ce masa a'a, ko sayarwar za ka yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Wanda zai saya magidanci ne irinka, wataƙila da kuɗin sallamarsa daga aiki, kuma injin zai mutu masa ne a wata hanyar da magariba. Idan sayarwa ce, ka faɗi aibinta, ka kuma nemi tayi biyu ko uku, har da na kanikawa, waɗanda sukan fi dillali saye da daraja tunda gyaran a hannunsu yake. Tayin farko ba kasafai yake zama na gaskiya ba.

Ka yi istihara, sannan ka fara da buɗe injin a wannan makon. Idan aka kai ga sauyawa, kada ka bar tsohon a gareji kamar shara. Ka sa a cire maka altaneta, da kik, da kwamfresan AC, da nozul, da na'urorin da ke jikinsa ka kai gida, sauran gangar jikin kuma ko dai mai sayar da inji ya rage maka kuɗi a kanta, ko 'yan gwangwan su auna su biya. Bayan an ɗaura, kwanakin garantin nan ka yi ta yawo da ita a cikin gari, ka shiga cunkoson Kawo da rana tsaka da AC a kunne kana kallon allura, kowace safiya kafin ka tayar ka duba ruwa da mai, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Sai ta ci wannan jarrabawar za ka ɗauki Hajiya da yara ka hau hanyar Zariya. Ka rubuto mini abin da masu tana suka ce game da karanshaf ɗin.